Yadda ake ajiye tirelar jirgin ruwa a kan gangara ba tare da ta gudu ba

Tirelar da ake ɗora ƙaramin jirgin ruwa mai injin baya a kanta ba ta da giya, kuma da yawa daga cikinsu ba su da birkin ajiya. Muddin tana maƙale da mota, motar ce ke riƙe da ita. Da an raba su a kan gangara, sai abin da ka tanada da hannunka. Masu ajiye jirgi a gida a unguwannin tudu na Abuja irin su Asokoro da Maitama, su riƙa kai shi Tafkin Jabi, sun san wannan matsala. Haka ma duk gidan da aka ɗaga harabarsa saboda ruwan sama, har mashigar mota ta zama hawa daga titi zuwa get. Abin da za a faɗa a nan ya shafi tirelar tankin ruwa da ta janareta ma.

Fara da auna gangarar

Ido yana ruɗi. Samo miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 1 da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Aza kai ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ka ɗaga ɗaya kan har ɗigon ya zauna a tsakiya, sannan ka auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa. In ka sami santimita 10, gangarar kashi 10 cikin 100 ce, kuma kusan kashi 10 na nauyin kayan ne ke jan su ƙasa dare da rana. Jirgi da inji da mai da tirela in sun kai kilo 1,200, ƙarfin da ke janta ya kai na kilo 120, wato fiye da buhun siminti biyu. Ba abu ne da ƙato ɗaya zai tare da ƙirji ba, balle in ta riga ta fara tafiya. Gangarar da ta haura santimita 15 a mita, a nemi wani wurin ajiya kawai.

Kada ka dogara da birkinta

Tirelolin jirgi masu birki da ake shigowa da su daga Amurka galibi suna da birkin da ke kamawa idan tirela ta turo motar da ke janta a lokacin tsayawa. Da an cire ta daga mota, wannan birki ba ya aikin komai. Masu birkin lantarki kuma suna da wata 'yar waya da ke kama birki in tirela ta tsinke a hanya. Wasu kan fizge ta da gangan su ce sun ja birki. Ƙaramin batir ne ke riƙe da shi, an yi shi ne don 'yan mintoci, yana ƙarewa tayoyi sun saku.

Tirelolin Turai da suka haura kilo 750 suna zuwa da birkin hannu na gaske, amma shi ma da sharaɗi. Sai an ja shi har ƙarshe, kuma in bayan tirelar ne ke kallon gangara tana iya ja da baya kamar taki ɗaya kafin ya kama sosai. Sannan tayar tirelar jirgi ruwa take shiga. In ka ja birki a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ka bar shi makonni, tsatsa za ta manne shi, ranar tafiya taya ta ƙi juyawa. Don haka birkin hannu na lokacin cirewa ne da ajiyar kwana ɗaya ko biyu. Doguwar ajiya ta weji ce, wato abin da ake cusawa a gindin taya don tare ta, da sarƙa.

Weji

Huɗu ake buƙata, biyu a kowace taya. Tirela mai taya biyu in ka tare taya ɗaya kaɗai, ba tsayawa take ba, juyawa take a kan wadda aka tare, wuyanta, wato dogon ƙarfen gaba da ake maƙalawa a mota, ya shari duk abin da ke gefe.

Tsayin weji ya kai kwatan tsayin taya. Taya mai lamba 175/80R13, wadda ta yi yawa a ƙananan tirela, tsayinta kusan santimita 61 ne, saboda haka wejinta santimita 15. Faɗinsa kuma ya kusa faɗin tayar. A kan siminti da intalok, na roba mai nauyi ya fi, don yana kama ƙasa. Na filastik mara nauyi zamewa yake kamar sabulu in ƙasa ta jiƙe. In na katako za ka yi, nemi ice mai tauri kamar maɗaci ko ƙirya, mai kaurin inci 6 da faɗin inci 6. Kafinta ya yanka guntu biyu masu tsawon santimita 20, ya tsaga kowanne a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ka sami huɗu ke nan. A buga masa guntun tsohuwar taya a ƙasa, a huda gefensa a zura igiyar da za a riƙa jansa da ita. Masu shafa wa katako baƙin mai saboda cin gara, su tsaya a gefe da gefe, kada ya taɓa gindin wejin ko fuskar da taya ke hawa.

Bulo ba weji ba ne, yana dagargajewa ba gargaɗi. Dutse mai zagaye mirginawa yake tare da tayar. Kafin ka aza weji, share wurin tas: yashin da iskar hunturu ta tara da gansakukar damina duk suna sa shi tafiya a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan.

Sarƙa da turke

Weji na iya gocewa, yaro na iya zare shi ya tafi wasa da shi. Sarƙa ce ke nan don wannan ranar. Turken da za a ɗaure ta dole ya kasance ta saman tirelar, wajen tudu. A haƙa rami santimita 50 da 50, zurfin 60. Mai walda ya lanƙwasa rodi mai milimita 16 kamar baka, ya karya ƙafafunsa biyu waje don su riƙe kankare, a bar kan bakan ya leƙo kaɗan yadda sarƙa za ta shiga. Kwaɓin siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhu ɗaya zai kusa cika ramin, kuma dunƙulen zai kai kilo 350. A riƙa ba shi ruwa kwana 7 kafin a ɗora masa nauyi. In harabar zubin kankare ce mai kaurin santimita 10 ko fiye, ana iya huda ta a ɗaure farantin ƙarfe mai zobe da notuna huɗu masu buɗewa a cikin rami, na milimita 12. A intalok kam ba a yin haka, tubalin zai taso da notinsa.

Sarƙa mai kaurin milimita 10 ta wadatar wa irin wannan nauyi. A zagaya ta a jikin shasi ko sandar da tayoyi ke kai, a kula kada ta danne bututun birki ko wayar fitila, a rufe da babban kwaɗo. Abin da mutane ke kuskurewa shi ne barin ta da sako-sako. Sarƙar da ta bar wa tirela mita guda ta gudu kafin ta tamke za ta sha fizgar da ta ninka nauyin nan na kilo 120 sau da yawa, kuma a nan ne kwaɗo ko zobe ke ɓallewa. Sakin kada ya wuce faɗin tafin hannu. Ƙarfen get, famfon ruwa da ginshiƙin rumfar mota ba turaku ba ne.

Tsarin cirewa daga mota

A nan aka fi jin rauni, kuma kusan kullum saboda an gabatar da abin da ya kamata a jinkirta. Mutum biyu ake so.

Daidaita tirelar ta miƙe sak da gangarar, kada ta tsaya a karkace. Direba ya taka birki ya riƙe. Na ƙasa ya tsaya a gefen taya, ba a bayanta ba, ya cusa weji a ɓangaren gangara na tayoyin biyu, a tsakiyar taya, ya buga shi da ƙafa ya shige. Direba ya fitar da giya ya saki birki a hankali har ya ji tayoyin sun zauna a kan wejin, sannan ya sake takawa, ya ja birkin hannu, ya kashe mota a giya. Yanzu a sa sauran weji biyun ta ɓangaren tudu, a ɗaure sarƙar turke, a ja birkin tirela in tana da shi.

Sai a sauke jak ɗin gaba a kan faffaɗan katako, a cire wayar fitila, a buɗe sakatar da ke riƙe bakin tirela a kan ƙwallon ja da ke bayan mota, a fara ɗagawa. Sarƙoƙin nan biyu da ke haɗa tirela da mota su ne na ƙarshen cirewa, sai bakin ya rabu da ƙwallon ka ga ba ta motsa ba. In kana ɗagawa ka ga bayan motar na tashi tare da ita, bakin ya ƙi saki, alama ce cewa har yanzu motar ce ke riƙe da nauyin, ba weji ba. Kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare, kada wani ya hau bayan mota yana tsalle. Sauke jak, koma ka zaunar da tayoyin a kan weji da kyau.

Ƙaramar tayar da ke ƙasan jak tana juyawa ko'ina, ba ta riƙe komai. Cire ta ka sa faranti in ana iya cirewa, ko ka zaunar da ita a cikin katakon da aka fafe. Kuma jak in ya miƙe har ƙarshe ba ya jure turi ta gefe, lanƙwashewa yake. In wuyan na buƙatar tsayi, jera gajerun katakai biyu-biyu a giciye, a buga musu ƙusa, jak ya zauna a kai yana gajere. In ajiyar za ta daɗe, sa karen ƙarfe irin na makanikai a ƙarƙashin wuyan ya ɗauke wa jak nauyi.

Wane kai ne ke kallon tudu?

In mashigar hawa ce zuwa gida kuma da ribas ka shiga, wuyan tirela na kallon titi, wato gangara. Nauyi ya ƙaru a kan jak, ruwan sama kuma zai taru a goshin jirgi inda babu mafita. Dole a ɗaga wuyan har goshin ya ɗan fi bayan tsayi. In gangarar ta yi yawa har hakan ba zai yiwu ba, a rufe jirgin da tamfol mai ƙwari, a sa masa sanda a tsakiya kamar tanti don ruwa ya zube gefe.

In kuwa wuyan ne ke sama, ruwa zai fita da kansa, amma ga wani haɗari. Tirelar jirgi dama gabanta ba shi da nauyi sosai, kashi 5 zuwa 10 na jimla ne, saboda inji na can baya. Ɗauki waccan mai kilo 1,200, a ce kilo 84 ke kan wuya, mita 4 daga tayoyi. Gangarar kashi 10 kaɗai na iya rage masa kilo 20. Mutum mai kilo 80 ya hau bayan jirgi, mita 2 a bayan tayoyi, don ya duba inji, ya rage wasu 40. In akwai lita 100 na ruwa kwance a bayan, ragowar ta tafi. Wuyan zai tashi sama, ƙafar inji ta daki siminti, tayoyi su yi tsalle a kan weji. Maganinsa karen ƙarfe biyu ko jeren katako a ƙarƙashin ƙarshen shasi ta baya, suna taɓa shi daram, kafin kowa ya hau.

Lita 100 ba wani abu ba ne a watan Agusta. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne, lita kuma kilo ce. Buɗaɗɗen jirgi mai faɗin murabba'in mita 7 zai tara lita 350 a ruwan dare ɗaya mai milimita 50. Cire toshiyar kafar ruwa ta baya, ka ɗaure ta a jikin sitiyari ko makullin inji don kada a manta da ita ranar shiga ruwa, ka riƙa zare ganyen da ke toshe kafar.

Shi kansa jirgin a bar shi ɗaure: igiyar keken naɗi da ke jawo shi kan tirela a tamke, 'yar sarƙar goshi a maƙale, bel biyu na baya a ɗaure. Tirela mai ƙananan tayoyin roba da jirgi ke zamewa a kansu ta fi buƙatar wannan, don haƙorin keken kaɗai ke hana jirgin sulalewa in bayansa na kallon gangara.

Dubawa da sake haɗawa

Sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane babban ruwa, taɓa kowane weji da ƙafa. Zana layi da alli a ƙasa a gindinsa. In ya bar layin, wani abu na tafiya. Tayar da ke sacewa tana sauya zamanta a kan weji, ta karkatar da nauyi gefe guda, saboda haka a riƙe iskar da aka rubuta a jikinta, wadda a irin tayar da aka ambata yawanci 50 psi ce. A haɗa wejin kowace taya biyu da igiya ɗaya a ɗaure tam, yara ba sa iya zare su da sauƙi.

Ranar tafiya a bi tsarin a juye. Mota ta zo, a ja birkinta, a maƙala sarƙoƙi biyu, a sauke bakin a kan ƙwallo, a rufe sakata a sa mata fil. Gwada ta da jak: ɗaga kaɗan, in bayan mota ya biyo, ta kama. Sannan a janye karen ƙarfe, a naɗe jak, a kwance sarƙar turke, a cire wejin tudu. Wejin gangara zai kasance a matse, kada a buge shi da guduma. Direba ya matsa sama kamar faɗin tafin hannu ya riƙe birki, na ƙasa ya jawo su da igiyarsu yana tsaye a gefe.