Kurakuran Haɗa Bututun Ruwa da Masu Yin Zobo da Kunun Aya a Gida Ke Maimaitawa

Duk shekara idan azumi ya ƙarato sai a ga sababbin masu sana'ar zobo da kunun aya sun fito, kowace ta tanadi firiza da gorori da injin markaɗe, amma ruwa, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin kowace gora, sai a bar haɗinsa a hannun duk wanda ya ce ya iya aikin famfo. Na gaji da shiga gidajen 'yan'uwa ina tarar da gindin tanki yana tsiyaya, bango ya jiƙe, an naɗe bututu da robar tayar keke, alhali kurakuran da ke jawo hakan ba su da yawa, kuma su ɗin ne dai ake ta maimaitawa.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar yoyo a matsayin asarar ruwa kawai. Asarar tana nan, domin famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da lita 20 a rana, wato kusan jarka guda ta 'yan ga-ruwa. To amma hujin da ruwa ke fita ta cikinsa, ta nan ƙazanta ke shiga. Da zarar tanki ya ƙare ko an ɗauke ruwa, bututun da ya wofinta yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, kuma idan ya ratsa ta gefen kwata ko kusa da masai, abin da zai zuƙo ke nan. Zobo ana tafasa shi, amma yawanci da ɗanyen ruwa ake sirka shi daga baya. Kunun aya kuwa bai san wuta ba ko kaɗan, tun daga jiƙo har markaɗe da tata. Ta gurɓataccen ruwa ake kamuwa da taifot da amai da gudawa, kuma mai sayen gora ɗaya don buɗa-baki amana ya ba ku.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sayen bututun da ba na ruwa ba. A kasuwa akwai bututun roba iri-iri masu kama da juna a ido: akwai wanda aka yi domin a zura wayar lantarki a cikin bango, akwai na zubar da ruwan wanke-wanke, akwai kuma mai kauri wanda aka yi domin ya jure matsin ruwa. Na ƙarshen ne kaɗai ya dace da ruwan sha, kuma shi ya fi tsada, shi ya sa marasa tsoron Allah daga cikin masu aikin ke karɓar kuɗinsa su sayo na lantarki. Haka wani ya yi mini lokacin da na fara faɗaɗa sana'ata. Ya binne bututun a ƙarƙashin simintin tsakar gida, aiki ya yi kyau a ido, sai da zafi ya shigo, oda ta yi yawa, sannan na lura tanki ba ya kwana da ruwa, ƙasan bangon ɗakin ajiya kuma ya fara tashi. Buhun aya da na sukari da ke jingine a wurin suka lalace, aka fasa simintin gaba ɗaya, na dakatar da aiki a daidai lokacin da ciniki ya fi tafiya, masu ɗaukar kaya a wurina suka koma wani wuri, waɗansu ba su dawo ba har yau. Tun daga nan ba na aiken kowa sayen bututu. Da ƙafata nake zuwa, in duba rubutun da ke jikinsa, in dubi kaurin bakinsa, in matsa shi da hannu; wanda ya lotsa ba ya shiga gidana. Kuma ba na yarda a rufe ko taku ɗaya na bututu da ƙasa ko siminti sai an sake masa ruwa ya kwana ana kallonsa.

Gaggawa wajen shafa gam ita ce ta gaba. Gam ɗin PVC, wato na haɗa bututun roba, ba irin na manna takalmi ba ne, aikinsa shi ne ya narkar da fatar bututun da ta mahaɗin su zama abu ɗaya, don haka ba ya kamawa a kan ƙura ko laima. A yanke bututun daidai ba a karkace ba, a kankare gashin da zarto ya bari, a goge da busasshen tsumma, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a tura har ƙarshe tare da ɗan murɗawa, sannan a riƙe kamar rabin minti domin yakan turo kansa waje. Bayan haka sai haƙuri. Wasu za su ce awa biyu ta isa ga ƙaramin bututu, kuma ba ƙarya suka yi ba, amma ni sai washegari nake buɗe ruwa. Wanda ya shafa gam yanzu ya kunna injin jan ruwa yanzu don ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar muku aikin da za a sake.

Sai maganar ɗauri, inda mutane suka yi imani cewa ƙarfi shi ne maganin yoyo. Wannan jahilci ne, kuma ya fasa mahaɗai fiye da yadda tsufa ya fasa. Idan aka murɗa kan famfo na ƙarfe a cikin mahaɗin roba aka bi shi da babbar sifana, robar takan tsage tsagewar da ido ba ya gani, sai bayan kwanaki ta fara gumi, a ƙara ɗaurewa, tsagar ta ƙara buɗewa. Ku daina! A murɗa da hannu har ya tsaya, a ƙara zagaye ɗaya ko biyu da sifana, shi ke nan. Inda za a sa kan famfo na ƙarfe, a sayi mahaɗin da aka yi wa bakin tagulla a ciki, bambancin kuɗin bai kai na kiran mai gyara ba. Farin tef ɗin da ake naɗawa a kan zare, wato tsagin murɗawa da ke bakin famfo ko mahaɗi, shi ma yana da ƙa'ida: ana naɗa shi ta fuskar da za a murɗa, wato yadda hannun agogo ke tafiya idan bakin yana kallonku, domin idan aka juya shi zai warware ya cure a waje. Zagaye huɗu ko biyar nake yi, ba na yin tulin da wasu ke yi. Mahaɗin da ya zo da zoben roba a cikinsa kuwa, kamar na tiyon da ke shiga matatar ruwa, ba ya buƙatar tef sam, zoben ne ke tare ruwan, idan ya yi yoyo zoben za a sauya.

Akwai kuskuren da ya keɓanta da masu zobo, wato haɗa bututun PVC da ruwan zafi. Iyakar zafin da yake jurewa digiri 60 ne a ma'aunin Selsiyas, ruwan da ya tafasa kuwa yana kan 100. Wadda ta saba juye ruwan tafasasshen zobo ko na wanke gorori a magudanar roba za ta ga bututun ya lanƙwashe, mahaɗansa sun saki. A bar ruwan ya huce kafin a zubar. In kuwa lallai ana son layin ruwan zafi, a nemi bututun PPR, koren nan da ake haɗawa da injin ƙonawa maimakon gam, kuma a nemi wanda ya iya, domin idan aka bar shi a kan injin ya wuce kima bakin yakan narke ya toshe hanyar ruwa.

Tanki mai cin lita 1,000 idan ya cika nauyin ruwansa kilo 1,000 ne, don haka ɗora shi a kan bulo huɗu ko katako biyu zalunci ne gare shi. Gindinsa duka ya zauna a kan shimfiɗaɗɗen wuri marar tsakuwa. Kada a bar nauyin bututu ya rataya a bakin fitar ruwan tankin, a kafa masa abin tallafi a bango, kuma a sa bawul na rufewa daf da tankin, wani kuma kafin matatar ruwa, domin ranar gyara kada a zubar da ruwan duka. Bututun da ke kwance a rana yakan bushe ya yi gautsi, a shafa masa fenti ko a yi masa inuwa. Tiyo mai haske da ake hango ruwa ta cikinsa yana tara gansakuka, tiyon ban ruwan lambu kuma yana sa wa kunu warin roba. Bakin tiyo da kilif na ƙarfe ake ɗaure shi, ba da waya ko roba ba. Matatar da ake ɗaurawa a bango yashi da laka take tarewa, ba ta kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka ruwan kunun aya ni tafasa shi nake yi ya huce, ko da ya bi ta cikinta.

Gwajin da nake yi bayan kowane aiki ba ya cin ko kwabo. Da yamma a cika tanki, a rufe kowane famfo, a tsoma busasshiyar sanda a yi mata alama a inda ruwa ya tsaya, sannan a goge kowane mahaɗi a naɗa masa tishu. Da safe, kafin kowa ya taɓa famfo, a sake aunawa. Idan ruwan ya sauka kuma akwai tishun da ya jiƙe, an ga wurin. Idan ya sauka amma duk tishun a bushe yake, to yoyon yana inda aka binne, kuma a ranar ba a jiƙa aya da wannan ruwan sai an tono an gyara. Sai an wuce wannan gwajin nake biyan mai aiki cikon kuɗinsa, kuma tun ranar ciniki nake faɗa masa haka.