Kurakuran da aka fi yi a doguwar tafiyar babur cikin hamada

Tsakanin Damagaram da Agadas akwai kimanin kilomita 450 ta Tanut da Adarbisinat, daga Agadas zuwa Arlit kuma kusan 240. Wanda zai bi wannan hanya shi kaɗai a kan babur, abin da ya kamata ya lissafa shi ne tazarar da ke tsakanin inda zai sami mai, ruwa da bakanike, domin a nan matsala take kama mutum.

Kuskuren farko lissafin mai ne. Mutum ya saba babur ɗinsa na yin kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya a cikin gari, sai ya raba nisan hanya da wannan adadi ya ce ya isa. Da kaya a baya, iska tana bugun ƙirji, ga wuraren da kwalta ta mutu ana tafiya da giya ta biyu, cin mai yana ƙaruwa ƙwarai. Tankin irin su Boxer bai wuce lita 11 ba. Ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lissafinka, ka ɗaure jarkar lita 5 nesa da salansa, kuma ka cika tanki a duk garin da ka samu ko da rabi ya rage. Man kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya tana toshe kafireta.

Ruwa ya fi mai muhimmanci, amma shi aka fi rage wa wuri. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, iskar gudu kuma tana busar da gumi kafin ka ji shi, sai jiki ya bushe ba ka sani ba. Ciwon kai, jiri da fitsari mai duhu su ne alamun. Kada ka fita da ƙasa da lita 8, a raba shi gida biyu ko uku saboda jarka ɗaya tana iya fashewa, a kurɓa kowane rabin awa tun ƙishirwa ba ta zo ba, a riƙe ƙunshin gishiri da sukari na kemis. Cire riga don a sha iska kuskure ne. Doguwar riga mai haske da rawani a ƙarƙashin hular kwano su suke riƙe danshin jiki.

Sai gyaran babur. Mutane da yawa suna lafta wa sarƙa baƙin mai kafin tashi, yashi ya manne, ya riƙa cin haƙoran sifiroket. Mai kaɗan ya isa, a goge na sama, a bar sarƙar da ɗan sako-sako na kamar santimita 2 zuwa 3. A lokacin hunturu ƙura tana cika iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji, cikin yini ɗaya, ƙarfin inji ya ragu, don haka a kakkaɓe ta kowane maraice. A ɗauki tib na gaba da na baya, kayan faci, famfo, filogi, wayar kuloci da lita ɗaya ta baƙin mai. Ɗaukar kayan kawai bai wadatar ba: wanda bai taɓa cire tayar baya da hannunsa ba, ya koya wurin mai faci tun yana gida. Idan inji ya yi zafi a tsaya ya huce da kansa, kada a watsa masa ruwa.

Inda yashi ya hau kan kwalta, masu faɗuwa yawanci birkin gaba suka matse ko suka saki totur farat ɗaya. A rage gudu tun kafin a shiga, a koma da nauyin jiki baya, a riƙe totur daidai. Rage iskar taya yana taimakawa, amma idan ta yi ƙasa sosai tayar tana zamewa a kan rim ta tsinke bawul.

Tafiyar dare ba ta da riba. Raƙuma da jakuna suna kwanciya a hanya, ramuka ba sa ganuwa, ga 'yan fashi. A tashi bayan asuba, a fake daga azahar zuwa la'asar, a isa masauki kafin magariba.

Batun tsaro ba a jinsa daga nesa. A wasu yankunan Nijar, kamar Difa da Tilaberi, hukuma ta taɓa hana zirga-zirgar babura saboda dokar ta-ɓaci, saboda haka a tambayi jandarma da direbobin tasha halin da ake ciki ranar tafiya. Takardun babur, lasisi da katin shaida su kasance a kusa saboda shingayen bincike. Waya tana ɗaukewa a tsakanin garuruwa, don haka ka gaya wa wani ɗan'uwa garin da za ka kwana da lokacin da zai fara nemanka idan bai ji ka ba. Idan babur ya mutu, kada ka yanki daji da ƙafa neman ƙauye. Ka zauna gefen hanya, ka yi inuwa da bargo a jikin babur, ka jira motar da za ta wuce.