Yadda za ka nuna wa ɗalibai warwarewar furotin da ƙwai da madara

Ba kowace makaranta a Tawa ke da ɗakin gwaji ba, amma wannan darasi bai buƙatar fiye da carbi, ƙwai biyu, madarar shanu, lemun tsami, ƙyalle, murhun gawayi da kofin gilashi.

Fara da carbi. Miƙe shi a gaban aji, ka ce musu haka furotin yake: ƙwayoyi ne jere a zare guda, ana kiransu amino asid, iri 20 ne. Sai ka dunƙule shi a tafin hannu. Wannan dunƙulewar ce ke ba furotin aikinsa. Buɗe hannu, carbin ya warware, amma zaren bai tsinke ba. Maimaita musu wannan sau biyu, don a nan ake yawan kuskure ranar jarrabawa.

Yanzu fasa ƙwai, ka ware farin cikin kofi, ka tsoma kofin a ruwan da ke kan wuta. Kada ruwan ya tafasa, in ba haka ba komai zai wuce kafin na baya su leƙo. Wajen digiri 62 a ma'aunin Salsiyas za ka ga fari-fari ya fara bayyana daga gefen gilashin, kamar hazo, tsakiya kuwa tana nan garau. Furotin mafi saurin jin zafi ne ya fara warwarewa yana sarƙewa da maƙwabtansa. Obalbumin, wanda ya fi rabin furotin ɗin farin ƙwai, mai ƙwayoyi 385, sai an kai wajen digiri 80 yake sakin jiki. Sauke kofin ya huce, ka tambaye su ko zai koma ruwa. Ba zai koma ba, zaruruwan sun riga sun cukurkuɗe.

Madara kuma labarinta daban, ni ma ita na fi son koyarwa. Ɗumama ta kaɗan, ka riƙa ɗiga lemun tsami kana juyawa. Furotin ɗinta, kazin, bayan an gama ƙera shi a hantsar saniya ake liƙa masa wani sinadari mai suna fosfat, shi kuma fosfat ya riƙe sinadarin kalsiyam. Gyaran bayan ƙira ke nan. Tsami na sauke pH, wato ma'aunin da ke raguwa in tsami ya ƙaru, daga wajen 6.7 zuwa 4.6, kalsiyam ya saki, kazin ya daina ture juna, sai ka ga gudaji suna yawo cikin ruwa mai ɗorawa-ɗorawa. Tace da ƙyalle mai tsabta kowa ya taɓa.

Wani zai ce, “Malam, ai haka ake cuku.” Yaba masa, sannan ka gyara: masu cuku a wajajen Abalak sinadarin tumbin ɗan dabba mai shan nono suke sawa, shi kuwa yanke zaren wani kazin yake, kamar almakashi. In ka samu cuku a kasuwa, kawo shi su kwatanta da abin da ke cikin ƙyallen.