Masu Gentoo, ku rage cika make.conf da tutocin USE

Salamu alaikum 'yan uwa na nan Damagaram. Na lura da yawanmu masu amfani da Gentoo Linux, duk tutar USE (kalmar da ke kunna ko kashe wani sashe na manhaja lokacin gina ta) da muke so sai mu jefa ta cikin /etc/portage/make.conf. To wannan wurin na kowa da kowa ne: ka ƙara tuta ɗaya, Portage, mai girka manhajoji a Gentoo, ya ce zai sake gina duk manhajar da ta san tutar. Da zafin Afrilu da ɗauke wuta, wa ke da wannan haƙurin?

In manhaja guda ce ke buƙata, je /etc/portage/package.use. Yana iya zama fayil ɗaya, amma ni na fi son a mai da shi jaka, kowace manhaja da ɗan fayil ɗinta, don gobe ka san inda ka taɓa. A ciki ka rubuta:

media-video/ffmpeg x265
app-editors/vim -X python

Alamar ragi tana kashe tuta, in babu ita ka kunna ke nan. Kuma abin da ke nan shi ke rinjayar na make.conf.

Kafin ka rubuta, duba da equery uses ffmpeg (equery yana cikin kunshin gentoolkit), zai gaya maka aikin kowace tuta. Sannan emerge --ask --changed-use --deep @world. Don Allah ka karanta jerin da ya kawo kafin ka amsa, nan ake gane ko wata tuta ta jawo kaya rututu.

Firefox da LibreOffice kuwa, in kwamfutarka tsohuwa ce, ɗauki firefox-bin da libreoffice-bin kawai, su an riga an gina su. Wuta ta tafi ana tsakiyar gini? emerge --resume zai ɗora daga manhajar da ya tsaya a kai.