Babi na Shida: Canza Filtar Dizal a Motar Pikap

Darasi na 1: Sayen filta

'Yan uwa, sannunku da ƙoƙari. Filta abar tace mai ce, tana tare datti da ruwa don kada su kai ga inji. Ruwa ya fi dizal nauyi, shi ya sa yake kwanciya a gindinta.

Kafin ka tafi Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, kwafi lambar da ke jikin tsohuwar filta a takarda. Filtar Hilux daban, ta Navara daban. Kula da harafin O da sifiri, da kuma B da 8, suna ruɗin ido. Idan ka yi kuskure, goge ka sake. Ba abin kunya ba ne.

Darasi na 2: Cirewa da ɗaurawa

Kashe mota, zare makulli, ja birkin hannu. Goge kan filta da tsumma mai tsabta, ka tara kwano a ƙarƙashi. Zare 'yar wayar da ke gindinta, ita ce mai kunna fitilar ruwa a gaban direba. Murɗa filta hagu, wato akasin tafiyar hannun agogo idan ka kalle ta daga gindi. Kwance abin da wayar ke shiga, ka mayar da shi jikin sabuwar. Shafa dizal a sabon zoben roba da yatsa, ka tabbata tsohon bai maƙale a sama ba. Ɗaure da hannu kawai.

Darasi na 3: Fitar da iska

A nan ake faɗuwa, don haka mu bi a hankali. Sabuwar filta iska ce cike da ita, kuma injin dizal ba ya tashi da iska. Kada ka taɓa makulli tukuna.

A saman filta akwai famfon hannu, baƙi, kamar murfin kwalba. Danna shi da tafin hannu. Da fari za ka ji shi laushi. Ci gaba. Idan akwai ɗan noti a gefe, sassauta shi: kumfa zai fara fitowa, daga baya dizal zalla. Sai kumfa ya ƙare za ka ɗaure. Sake danna famfo har ya yi tauri.

Mu maimaita. Laushi, akwai iska. Tauri, mai ya iso. Rubuta wannan sau uku a littafinka.

Na ga wani ɗalibi a unguwar Aboabo ya danna sau biyar, ya ce ya gaji, ya hau murɗa makulli har batir ya mutu, aka koma turi cikin rana. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Hannun da ke ɗaga taya ne zai gaji da famfo? Danna har ya yi tauri. In motar ta tashi ta mutu, iska ce ta rage, koma kan famfo. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. Kuma kada ka kwance bututun injekta, wato abin da ke fesa mai cikin inji, a sababbin motoci, ƙarfin man da ke ciki yana huda fata.

Darasi na 4: Duba yoyo

Bar inji ya yi aiki minti 5. Shafa gindin filta. In da danshi, kashe mota ka duba zoben roba.

Darasi na 5: Rubutu

Rubuta kwanan wata da kilomita a littafinka.