Layin gaggawa na shige da fice a filin jirgi: yadda mai tikitin bizines zai ci moriyarsa

Yawancin masu tashi daga Zariya, malamin ABU ne mai zuwa taro ko ɗan kasuwar Sabon Gari mai zuwa sarin kaya, ta Kano ko Abuja suke fita. Idan mutum ya biya kuɗin kujerar bizines ko ta fes kilas, ejan yakan ce masa "ba ka ba bin layi". Maganar da gyara. Layi uku ne a filin jirgi kuma kowanne da mai shi. Kantar awon kaya ta kamfanin jirgi ce, nan kam tikitinka zai yi maka aiki a ko'ina. Wurin binciken jiki da jaka yana hannun masu kula da filin. Kantar buga hatimi a fasfo kuwa ta gwamnatin ƙasar ce, sai inda aka yi yarjejeniya da kamfanin ake ware wa fasinjojinsa layi. Shi ya sa tikiti ɗaya zai wuce da kai a gaggauce a Doha, ya bar ka cikin jama'a a Amurka, inda ajin kujera ba ya ba kowa fifiko a gaban jami'in shige da fice.

Tun kafin ka biya kuɗi, ka sa ejan ya duba maka abu biyu. Na farko, kamfanin da zai tuƙa jirgin a zahiri, domin ana iya sayar maka da tikiti da sunan wani kamfani alhali jirgin na abokin hulɗarsa ne, kuma galibi tsarin mai jirgin ake bi. Na biyu, ajin kowane zango. Harafin J, C ko D yawanci bizines ne, F fes kilas, Y kuma kujerar gama-gari. Akwai tikiti mai rahusa da ke ba ka bizines daga Abuja zuwa Istanbul, zango na biyu kuma gama-gari. A ƙofar layin, katin shiga jirgi na zangon da ya shafi wurin ake dubawa.

Sannan ka tambayi kamfanin kai tsaye: a filin kaza, layin gaggawan na fita ne, na shiga ne, ko duka biyun? Na fita ya fi yawa. Turkish Airlines na da ɓangaren 'yan bizines a Istanbul mai wurin awon kaya da na duba fasfo, Qatar Airways ma haka a Doha, Emirates kuma a Tasha ta 3 a Dubai. Na masu sauka shi ne yake yawan canzawa.

Ka riƙe sunayen da ake rubutawa a allo, don ba iri ɗaya ba ne. Wani wuri Fast Track, wani Priority ko Premium Lane. Kamfanonin da ke cikin ƙawancen jiragen sama na SkyTeam, irin su Air France, KLM, Kenya Airways da Saudia, jan allon SkyPriority suke sawa. Na ƙawancen Star Alliance, wato su Ethiopian, EgyptAir, Lufthansa da Turkish, Gold Track suke cewa. Ganin allon kaɗai bai isa ba, sau da yawa na binciken jaka ne, da ka wuce shi sai ka haɗe da kowa a gaban kantar fasfo.

Ranar tafiya, kada layin ya sa ka yi sakaci da lokaci. Daga Kwangila a Zariya zuwa Kano kusan kilomita 150 ne, kuma kamfanoni da yawa suna rufe awon kaya awa ɗaya kafin tashin jirgin ƙasar waje, har da na bizines. Da an ba ka katin shiga jirgi ka duba ko ajin ya fito a jiki. Idan a bakin ƙofar jirgi aka ɗaga ka zuwa bizines, ka karɓi sabon kati na takarda, don tsohon ba zai shigar da kai layin ba.

A wasu filaye katin shiga jirgin shi ne shaidarka bayan sauka, saboda haka kada ka bar shi a aljihun kujera. A wasu kuma ma'aikatan jirgi ne ke raba wani ɗan kati na daban kafin sauka. Mai barci yakan rasa shi. Ka nema tun kana cikin jirgi, don da ka taka ƙasa ba mai ba ka.

Abin da layin yake rage maka jira ne kawai. Jami'in da ke kantar gaggawa tambayoyinsa ɗaya da na sauran: biza, fasfo mai sauran aƙalla wata shida ga ƙasashen da ke neman haka, tikitin dawowa, adireshin masauki, da katin rigakafin shawara inda ake buƙata. Ka haɗa su wuri ɗaya a hannu, otal da takardar gayyata a buga su a takarda, don waya tana mutuwa ko ta rasa intanet daidai lokacin da ake nemanta. Ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, sun fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu ranar 12 ga Oktoba, 2025, Saudiyya kuma ta daɗe tana ɗauka. Wannan ba ya duba ajin kujera. Ƙofofin lantarki masu duba fasfo da kansu na Ingila ma fasfon Najeriya ba ya buɗe su, ko da a kujerar farko ka zauna.

Wani lokaci layin gaggawa ya fi na jama'a nawa. Jirgin A380 na Emirates mai aji uku yana ɗaukar mutum 14 a fes kilas da 76 a bizines. Idan irinsa biyu suka sauka a tare kuma kanta ɗaya ko biyu aka buɗe musu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kafin ka shiga, ƙirga kantocin da ke da jami'i a zaune, kada tsawon layi ya ruɗe ka. Mai bizines yana cikin waɗanda ake fara saukewa, in ya ɗaga ƙafa zai iya tarar da layin jama'a ba kowa.

Maganar iyali ita ce ta fi jawo gardama. Idan maigida yana bizines, uwargida da yara suna baya, yawanci kowa da katinsa ake duba shi. Wasu filayen suna da layin masu ƙananan yara da tsofaffi da masu keken guragu, kyauta. In za ka kai Hajiya aikin Umara, ka nemi taimakon keke wurin kamfanin aƙalla awa 48 kafin tashi. Akwai kuma rakiya ta kuɗi da kowa zai iya saya, kamar marhaba a Dubai da Al Maha a Doha, ana yin rajistarta ta shafinsu kafin tafiya. Wanda ya tare ka a zaure ya ce ka kawo wani abu ya wuce da kai, ka rabu da shi.

Mai yada zango ya kamata ya san inda za a buga masa hatimi. In za ka Madrid ta Frankfurt, a Frankfurt za ka bi shige da fice tunda duka biyun a Shengen suke, can layin zai yi maka amfani in akwai shi, musamman idan tsakanin jiragen biyu bai kai awa biyu ba. In ta Addis Ababa ko Doha za ka ratsa ba tare da fita gari ba, binciken jaka kawai za ka bi.

Sai kaya. A wurin awo ka tabbata an liƙa wa kowace jaka alamar fifiko, kuma ka ajiye rasit ɗin lambar jakar tare da fasfo, don ko ka gama da hatimi cikin minti biyar, ba inda za ka sai akwatinka ya fito.