Yadda Za Ka Saurari Faifan "Cut" Har Ya Shige Ka

Ƙanwata ta kunna "Cut" a wayarta, ta ce hayaniya ce kawai. Laifin wayar ne. Wannan shi ne faifan farko na The Slits, ƙungiyar kiɗan punk (wani salon rock mai kaushi) ta 'yan matan Landan, ya fito a 1979, kuma Dennis Bovell, gwanin dub (salon reggae mai nauyin bas da amsa-kuwwa) haifaffen Barbados, shi ya haɗa sautinsa. 'Yar lasifikar waya ba ta iya tono abin da ya binne a ƙasa.

Nemi babbar lasifika irin ta masu kiɗan biki. Ni a fadarmu ta Wadata, nan Yamai, nake jona tawa bayan isha'i, shayi na bisa wuta. Ƙara bas sosai, sai ka ji shi a ƙirji.

Fara da waƙar "Typical Girls". A zagayen farko bi jitar bas ta Tessa Pollitt kaɗai, tana tafe kamar raƙumi da kaya, gangunan Budgie na dafa mata. Shi ne namiji tilo cikinsu. A na biyu, kasa kunne ga jitar Viv Albertine, mai karta kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Nan punk ɗin yake. Dub kuwa yana cikin giɓin da aka bari, inda kiɗa ke ɗaukewa amsa-kuwwa ta cike wurin.

Muryar mawaƙiyarsu Ari Up bar ta ƙarshe. Shekarunta 17 lokacin, tana ihu, tana guɗa, tana dariya. Ƙanwata dai har yau muryar nan ce ba ta so.